Ƙaryar da na yi wa madugu a kan dutsen Kilimanjaro

Na tashi a cikin birnin Kano, a wata unguwa da ba ta da nisa da Dala, kuma a sanina na yarinta babu wani tudu a duniya da ya kai shi tsawo. Ranakun Alhamis da Juma'a, da yake babu makarantar allo, mukan hau mu tsaya a kansa muna nuna wa juna rufin gidajenmu, sannan mu sauko da gudu kafin a neme mu. Sanyin da na sani shi ne na hunturu, mai fasa leɓe da dunduniya, ƙanƙara kuwa ita ce wadda ake naɗewa a buhu ana sayarwa da azumi. Da wani ya ce mini a lokacin akwai dutse a Afirka wanda ƙanƙara ke zaune a kansa rani da damina, da na ɗauke shi mai shirya tatsuniya.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Mahaifinmu ya rasu ina da shekara 19, ya bar mini mahaifiya da ƙanne biyar, kuma tun ranar sadakar uku dattawan unguwa suka riƙa dafa kafaɗata suna cewa yanzu ni ne uba. Na karɓi maganar fiye da yadda suka nufa. Na koya wa bakina kada ya taɓa furta gajiya ko rashi, ko da aljihuna babu ko sisi, kuma na riƙa kiran wannan hali nawa rufin asiri. Da taimakon Allah na karanci harhaɗa magunguna, na buɗe kantin magani, bayan wasu shekaru na ƙara na biyu. Da darajar naira ta faɗi, magungunan da nake karɓa bashi suka ninka kuɗi, waɗanda na ba bashi kuma suka daina ɗaga wayata, sai na shiga cin wani bashin domin in toshe na baya. Kusan shekara biyu ina cikin wannan hali ba tare da matata ko mahaifiyata sun sani ba, har ranar da masu bina suka zo da mota suka kwashe abin da ya rage a kan kanta, maƙwabta na tsaye suna kallo.

Wani abokin karatuna ne ya samar mini aiki a wani kamfanin rarraba magunguna a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya. Na bar iyalina a Kano na tafi, ba don aikin ya burge ni ba, sai don in yi nisa da idon mutanen da suka ga faɗuwata. A jirgin da ya ɗauko mu daga Nairobi ne matuƙi ya ce mu leƙa ta taga, na leƙa na ga wani ƙaton baƙin dutse ya huda gajimare ya fito, da fari fat a kansa kamar rawanin dattijo. Wannan shi ne Kilimanjaro, mai tsawon mita 5,895, wanda babu dutsen da ya kai shi a nahiyar Afirka. Zan faɗi gaskiyar niyyata domin ita ce asalin duk abin da ya biyo baya. Ba sha'awar halittar Ubangiji ce ta ja ni ba. Hoto nake so, ina tsaye a ƙololuwa, in aika da shi gida domin waɗanda suka ce na ƙare su gani.

Dokar gandun da dutsen yake ciki ba ta yarda kowa ya hau shi kaɗai ba, dole sai da jagora mai lasisi, saboda haka na je garin Moshi da ke gindin dutsen na nemi kamfanin da ya fi araha. Na zaɓi hanyar Marangu, wadda ita kaɗai ce ake kwana a ɗakunan katako maimakon tanti, kuma ana iya gama ta cikin kwana biyar. Mutumin da ya karɓi kuɗina ya ba ni shawarar in ƙara kwana ɗaya na hutawa a tsakiyar hanya domin jiki ya saba da ƙarancin iska, na ce masa ni ba rago ba ne. A gaskiya kuɗin kwanan ne nake ƙyashi. Abin da ya fi ba ni kunya idan na tuna shi ne na san ilimin abin sarai. Na san cewa idan mutum ya wuce mita 3,000, likitoci na ba da shawarar kada wurin kwanansa ya riƙa ƙaruwa da fiye da mita 500 a rana, alhali a wannan hanya kusan mita 1,000 ake ƙarawa kowace rana. Na san kuma daga bakin teku na taso. Matata kuwa na ce mata taron aiki za a yi a Arusha, inda waya ba ta cika shiga ba.

Mu bakwai ne baƙi a ayarin, amma masu yi mana hidima sun haura ashirin. A bakin ƙofar gandun aka ɗora kayan kowane ɗan dako a sikeli, domin ƙa'ida ita ce kada kayan da zai ɗauka su wuce kilo 20. Shugaban jagororin wani dattijo ne ɗan ƙabilar Chagga, mai ƙarancin magana, wanda tun ganin farko na raɗa masa suna madugu a zuciyata, saboda yadda yake ƙirga mutane da ido kamar uban tafiyar fatake. Mataimakinsa kuma wani saurayi ne Musulmi, siriri, mai yawan fara'a. Shi ne ya gyara mini tsayuwa ranar farko da na shimfiɗa dardumata na fuskanci gabas kamar yadda na saba, ya nuna mini cewa a nan alƙibla tana arewa. Dukansu suna kirana kaka, abin da ya fara ɓata mini rai ganin ko furfura ban fara ba, sai daga baya na gane cewa a harshen Suwahili kalmar na nufin yaya.

Kalmar da ta fi yawa a bakinsu ita ce pole pole, wato sannu sannu. Abin mamaki, pole ɗin nan tasu tana aiki kamar sannu tamu, da ita suke jajanta wa wanda ya yi tuntuɓe ko ya gaji. Ranar farko muka ratsa kurmi mai duhu da danshi, birai masu gashi baƙi da fari suna tsalle a kan rassa, muka kwana a zangon Mandara. Ni dai tafiyar ta yi mini kama da ta hawainiya, na riƙa wuce madugu ina jiransu a gaba, shi kuma bai ce mini komai ba illa pole pole, kaka. Na fassara masa karin maganarmu cewa sannu ba ta hana zuwa sai dai a daɗe ba a je ba, ina dariya, ina jaddada rabin ƙarshe. Ya ce rabin farkon ya fi amfani a nan.

A rana ta biyu bishiyoyi suka ƙare, muka isa zangon Horombo, mai tsawon kimanin mita 3,700, kuma a nan ne kaina ya fara sarawa. Kowane dare bayan an ci abinci madugu yakan zauna da littafi da wata 'yar na'ura da ake maƙala wa mutum a yatsa domin auna yawan iskar oksijin da ke cikin jini, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi: ko akwai ciwon kai, ko tashin zuciya, ko jiri, ko tari, ko mutum ya iya cin abinci. Ni da na yi shekaru a bayan kanta ina yi wa marasa lafiya irin waɗannan tambayoyi, na san amsar da za ta sa a tsayar da ni. Saboda haka na sha maganin ciwon kai sa'a guda kafin zaman, na riƙa jan dogon numfashi a ɓoye kafin layi ya zo kaina domin lambar ta ɗaga, da ya tambaye ni kuma na ce nzuri, wato lafiya lau. Mu Hausawa ko a gadon asibiti aka ce mana ya jiki, da sauƙi za mu ce, kuma da wannan na lallashi zuciyata cewa ba ƙarya na yi ba, ladabi ne.

Rana ta uku muka bi ta wani fili fetal da ke tsakanin ƙololuwar Mawenzi mai tsini-tsini da ta Kibo inda muka nufa, babu ciyawa babu inuwa, sai duwatsu da iska mai yanka fuska. Yanzu ni ne a ƙarshen layi. Busasshen tari ya kama ni, na ce ƙura ce. Da muka isa zangon Kibo, a kimanin mita 4,700, ko ɗaure igiyar takalmi na yi sai na zauna ina haki kamar wanda ya yi tsere. Aka ce kowa ya kwanta domin da tsakar dare za a tashi, amma da zarar na miƙe a gado sai numfashi ya sarƙe, dole na tashi zaune na jingina da bango. A cikin shirun ɗakin ina jin wata ƙara a ƙirjina, irin wadda buta ke yi idan an nutsa ta a randa. Na san sunan abin da ke damuna. Ruwa ne ya fara taruwa a huhuna, wanda yana cikin mafi haɗarin cututtukan da tsawo ke jawowa, kuma maganinsa na farko shi ne a sauka nan take.

Da madugu ya maƙala mini na'urar a daren, lambar da ta nuna ta yi ƙasa da ta kowa nesa ba kusa ba. Na ce masa yatsana ne ya yi sanyi, kuma irin waɗannan na'urori suna kuskure idan jini bai gudana sosai a yatsa ba, wanda gaskiya ne a wani lokacin. Na ƙara da cewa ni ma'aikacin lafiya ne, na fi shi sanin jikina. Na danne tarin da ke taso mini har hawaye suka cika idona. Ya daɗe yana kallona, ya sake tambayata ko akwai abin da nake ji a ƙirji, na ce babu. Ya rubuta abin da na faɗa a littafinsa, ya rufe.

Wajen ƙarfe 12 na dare muka fita bayan an ba mu shayi da biskit. Kowa da tocila ɗaure a goshi, idan ka ɗaga kai sai ka ga fitilun ayarin da ke gaba sun yi jerin gwano sun hau sama har ba ka iya bambanta su da taurari. Hanyar tsakuwa ce da toka, tana kwana-kwana, ka taka uku ka zame ɗaya. Ruwan da ke cikin gorata ya daskare. Ba zan iya cewa ga tsawon lokacin da muka yi muna tafiya ba, abin da na riƙe shi ne na cire safar hannuna ta dama domin in laluba ƙwayar magani a aljihu, iska ta fizge ta, ta gangara cikin duhu. Saurayin nan mataimaki, wanda madugu ya sa ya riƙa bin bayana, bai ce uffan ba ya zare tasa ya zura mini, ya cusa hannunsa a hammata.

A wani ɗan kogo da ake kira da sunan Hans Meyer, Bajamushen da ya fara kai wa ƙololuwar dutsen a 1889, muka tsaya hutawa, mun ɗan haura mita 5,000. Ina zama tari ya turnuƙe ni, wanda ban iya danne shi ba, na tofar a kan dutse. Hasken tocilar madugu ya sauka a wurin, muka ga kumfa ce mai ruwan hoda, jini ya gauraya da ita. Ya faɗi kalma ɗaya, hatari, kuma ban nemi tafinta ba domin ita ce haɗari tamu. Duk da haka, Allah ya yafe mini, na buɗe baki na ce a bar ni in ƙarasa tunda na biya kuɗina. Bai ko amsa mini ba. Ya sa mini abin shaƙar oksijin daga 'yar tukunyar da suke ɗauke da ita, ya umarci saurayin da wani ɗan dako su sauka da ni, shi kuma ya ci gaba da sauran baƙi shida da hannun da bai ishe shi ba.

Suka saƙala hannuwana a wuyansu, suka riƙa zamewa da ni a kan tsakuwa. Wanda yake riƙe da mutum ba shi da damar ɓoye hannu a hammata, ni kuwa hankalina bai kai ga in mayar masa da safarsa ba. A zangon Kibo aka ɗaure ni cikin jakar barci a kan wani gadon ƙarfe mai taya ɗaya a tsakiya, mutum shida suka kama, biyu a gaba, biyu a baya, biyu a gefe, suka fara gudu da ni cikin duhu. Duk dutsen da tayar ta daka sai na ji shi a ƙashin bayana. Ina kwance ina kallon sama, fuskoki na kewaye da ni, babu abin da ya zo mini a rai sai makara. Na yi ta maimaita kalmar shahada a zuci domin bakina ba shi da iskar furta ta. Abin da ya fi tsorata ni a lokacin ba mutuwar ba ce, tunanin cewa za a kira matata a ce mata mijinta ya rasu a kan wani dutse, ita kuma ta ce an yi kuskuren lamba domin nata mijin yana taro a Arusha.

Gari na wayewa muka iso Horombo, kuma tun kafin nan na ji kamar an ɗaga wani dutse daga ƙirjina, domin wannan ciwo yana sassautawa da zarar an sauko. Daga baya mota ta ɗauke ni zuwa wani asibiti a Moshi, inda na kwana huɗu ana ba ni oksijin. A rana ta uku madugu ya zo duba ni, ya zauna a bakin gado da hularsa a hannu. Na fara yi masa godiya, ya dakatar da ni ya ce, "Kaka, tambayar da nake yi maka kowane dare ba gaisuwa ba ce. Ni ba na ganin cikin ƙirjinka, da abin da ka faɗa mini nake aiki." Sannan ya gaya mini cewa sanyi ya cinye yatsun saurayin nan na dama, sun kumbura sun yi ƙuraje, kuma ba zai sake hawa dutse ba a wannan kakar aiki. Daga baya sai da aka yanke masa kan ƙaramin yatsa.

Ban taɓa jin na ƙasƙanta ba kamar wannan rana, har da ranar da aka kwashe kayan kantina. A wancan karon ina iya cewa naira ce, ko masu cin bashi ne. A wannan karon babu wanda zan ɗora wa. Yaron da ke ciyar da uwarsa da ƙannensa da kuɗin hawan dutse ya rasa aikin watanni da wani yanki na jikinsa saboda wata kalma guda da na ƙi faɗa.

Da daddare na kira matata na gaya mata inda nake. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Malam, bayan wannan akwai saura?" Na ce akwai, na zayyana mata adadin bashin da ke kaina, wanda ba ta taɓa sanin ko rabinsa ba. Washegari ta kai wa mahaifiyata wayar. Hajiya ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari, haka ta ce, "Kai wannan, me ka ajiye a can da ka je ɗaukowa?" Na rasa amsa. Ta ce ita tun da daɗewa ta san ina cikin wani hali, ta ga yadda wuyan rigata ya yi mini yawa, amma ta jira in faɗa da bakina, na kuwa ƙi. Ta ce Allah shi ke rufa asirin bawa, abin da ni nake yi sunansa ɓoyo. Daga nan ta yi mini addu'a ta miƙa wayar.

Kafin in koma Darussalam na nemi gidan saurayin, a wani ƙauye cikin gonakin ayaba da kofi a gindin dutsen. Na same shi zaune a ƙofar ɗaki da hannu naɗe da bandeji, yana ganina ya yi murmushi ya ce pole, kaka, wato shi ne ma yake yi mini sannu. Na gaya masa a gaban mahaifiyarsa cewa na san ba ni da lafiya tun daga Horombo, na ɓoye. Murmushin ya ɗauke na ɗan lokaci. Ya ce ya yi zargin haka tun da ya ji yadda nake numfashi a bayan layi, amma ba ya cikin ikonsa ya ƙaryata baƙo. Na roƙe shi gafara, na ɗauki nauyin maganinsa, kuma na riƙa aika masa da wani abu duk wata har ya koma aiki. Ban ɗauki wannan a matsayin biyan yatsa ba, domin babu kantin da ake sayar da shi.

Shekara huɗu na yi ina biyan bashi. Na rubuta sunan duk mai bina da adadin kuɗinsa, na kira su ɗaya bayan ɗaya na gaya musu abin da zan iya bayarwa a wata da abin da ba zan iya ba. Wasu sun zage ni, wasu sun yafe wani kaso, ɗaya daga cikinsu ya ce da tun farko na yi haka da bai turo mota ba.

Da na gama, sai na ji ina son komawa dutsen, kuma wannan karon sai da na zauna da matata da Hajiya na nemi izininsu. Matata ba ta so ba, ta ce wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani ya kamata ya gudu. Na je wurin likita na gaya masa tarihina duka, ya bayyana mini cewa wanda ruwa ya taɓa taruwa a huhunsa a kan tsauni yana cikin haɗarin maimaituwar abin, ya rubuta mini maganin rigakafi, ya kuma gindaya sharaɗin in bi hanya mafi tsawo. Hajiya ta ce in je, amma in yi mata alkawarin duk abin da aka tambaye ni zan faɗi gaskiya. Na nemi madugu na dā, na tarar saurayin nan ya zama cikakken jagora mai lasisinsa, suka amince su tafi da ni tare.

Muka bi hanyar Lemosho da ke yammacin dutsen, ta kwana takwas, ana kwana a tanti. Hikimar wannan hanya ita ce a hau sama da rana a sauko a kwana a ƙasa, kamar ranar da muka kai wani dogon dutse da ake kira Lava Tower a mita 4,600, muka ci abinci a gindinsa, sannan muka gangara kwarin Barranco muka kwana a ƙasa da mita 4,000, a tsakiyar wasu itatuwa masu kauri da tulin ganye a ka, waɗanda ban taɓa ganin irinsu ba. Kowane dare na riƙa ba madugu labarin jikina dalla-dalla, har da yawan fitsari da rashin barci, har wata rana ya yi dariya ya ce littafinsa zai cika kafin mu kai. Na ci ugali, wanda tuwon masara ne ba miyar kuka, na raba wa 'yan dako kilishin da na taho da shi, kuma a wannan tafiya ce na san sunan kowannensu, abin da ban damu da shi ba a karon farko.

Daga zango na ƙarshe, Barafu, wanda ma'anar sunansa ƙanƙara, muka tashi da tsakar dare. Ƙirjina lafiya lau, babu tari. Da alfijir ya keto na yi taimama a kan wani dutse mai sanyi kamar ƙarfe, na yi sallar asuba da takalmana a ƙafa, jagoran nan na tsaye a gefena yana tare mini iska, sannan shi ma ya yi tasa. Rana ta ɓullo ta bayan Mawenzi daidai lokacin da muka kai bakin ramin dutsen, wurin da ake kira Stella Point, mita 5,756. A hagunmu ga ƙanƙarar nan da na hango daga jirgi, ba shimfiɗe take ba kamar yadda na zata, tsaye take kamar badala, fara da shuɗi-shuɗi, da layi-layi a jikinta na shekaru aru-aru. Wannan ɓangaren ana kiransa da sunan Rebmann, wani ɗan mishan Bajamushe da ya ba da labarin ganin ƙanƙara a kan dutsen a 1848, masana a Turai suka yi masa dariya. Madugu ya nuna mini da sandarsa wani wuri can ƙasa, baƙar tsakuwa zalla, ya ce lokacin da ya fara aiki yana ɗan dako har nan ƙanƙarar take kaiwa. Masu bincike sun ce fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da ke kan dutsen a 1912 ta riga ta tafi.

Daga inda muke ana hango hanyar da ta bi gefen ramin zuwa Uhuru, ƙololuwar da aka raɗa wa sunan 'yanci bayan Tanganyika ta samu mulkin kai a 1961. Mita 139 kacal ta fi mu tsawo, tafiyar da ba ta fi sa'a guda ba. Amma tun kafin mu iso bakin ramin kaina ya fara wani irin sara da ban san shi ba, kuma sau biyu ina ajiye ƙafa a inda ban nufa ba. Babu wanda ya lura. Na sha shayin da aka zuba mini, na dubi hanyar, na ji tsohon halin nan ya taso mini har maƙogwaro, yana ce mini sa'a ɗaya ce kawai. Madugu ya matso ya ce, "Kaka, habari?" wato ina labari. Jagoran yana tsaye a bayansa riƙe da kofi a hannunsa na dama, ina ganin gurbin yatsan a cikin safar.

Na ce masa kaina yana ciwo sosai, kuma ƙafafuna ba sa bin umarnina. Ya ja layi a kan toka da sandarsa, ya ce in taka a kai, dunduniya na taɓa yatsu. A taku na huɗu na karkace, jagoran ya tare ni. Madugu ya ce sauka za mu yi yanzu, domin wannan alama ce ta kumburin ƙwaƙwalwa, na ce to. Na roƙi minti ɗaya, muka tsaya mu uku a jikin allon da ke wurin, wani ɗan dako ya ɗauke mu hoto da ƙanƙarar a bayanmu, sannan muka juya.

A ƙofar Mweka, inda ake fita daga gandun, aka ba ni takardar shaida mai ɗauke da sunan Stella Point da tsawonsa. Yanzu na dawo Kano, na sake buɗe ɗan ƙaramin kanti guda ɗaya, takardar kuma tana rataye a bango kusa da lasisina. Kwanakin baya wani yaro da aka aiko sayen maganin tari ya tsaya yana karanta ta, ya tambaye ni ko nan ne ƙarshen dutsen. Na ce masa a'a, da saura mita 139, na miƙa masa maganin da canjinsa, na ce ya gaya wa babarsa idan tarin ya wuce mako biyu ta kai mai shi asibiti a duba ƙirjinsa.